Mahbub, Wanda Ba Ya Faɗin Sunan Tsuntsu Sai Ya Juya

Jawabin Khamisu dillali a taron addu'ar arba'in na marigayi Mahbub Sunusi, a ƙofar gidansa da ke Agege

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda Ya ba mu aron Mahbub kuma Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma mai unguwarmu, Allah Ya ƙara lafiya. Liman da malaman da ke tare da shi, Allah Ya gafarta malamai. Baale, mai unguwar Yarbawa, da jama'arsa maƙwabtanmu, sannunku da zuwa, yau ma kun riga mu zama. Shugabannin kara da na abbatuwa, shugabannin 'yan dako na kasuwar Mile 12, da abokan aikin marigayi da suka baro tashar jiragen ruwa suka zo, muna gaishe ku. Hajiya Mero, mahaifiyarsa kuma uwarmu duka, Allah Ya ƙara haƙuri. Asama'u, matarsa, kina cikin takaba, amma na san kina jina ta wannan tagar. Laila, 'yarsa, sannu. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Sunana Khamisu, dillalin shanu ne ni a kara. Ba don na fi kowa iya magana aka ba ni wannan lasifika ba. An zagaya ana neman wanda zai yi jawabi, duk wanda aka kalla sai ya sunkuyar da kai yana gyaran hula, har abin ya faɗo kaina, wai ni ne abokinsa na ƙuruciya. Na karɓa.

An saba a irin wannan taro a yabi mamaci, a sha kunu, a watse. Zan yabe shi, don ya cancanta. Sai dai kun ji abin da na ji: in takaba ta ƙare, Asama'u za ta ɗauki Hajiya da Laila su bar Agege, su koma Zariya wurin kawunta. Asama'u a nan aka yanke mata cibiya. Laila ma haka. Hajiya kuwa tun tana amarya aka kawo ta unguwar nan. Ba talauci ne zai kore su ba, ba mai gida ne ya ba su notis ba. Mu ne. Don haka ba zan iya yabon mutumin nan in tsallake abin da muka yi masa ba, alhali duk wanda ke zaune a kan tabarmin nan ya san shi.

A bayan layin dogo aka haife mu, ni da shi. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Sunusi, ɗan kasuwar goro ne. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, tare aka zane mu ranar da muka bi jirgin ƙasa da gudu. Ni daga nan na bi shanu, shi ya bi boko har jami'a, ya karanta ilimin halittun ruwa. Da ya gama sai ya samu aikin da har yau wasunmu ba su gane kansa ba: ana sa shi a cikin manyan jiragen kamun kifi ya zama ido, ya duba abin da suke kamawa da abin da ƙugiyoyinsu ke kashewa ba da niyya ba, ya kuma ƙirga tsuntsayen da ke bin jirgin.

Dariya muka yi masa, ba kaɗan ba. Bahaushe da teku? Mu da ko kududdufi muka gani sai mun tattare wando mun yi addu'a. Muka sa masa Sarkin Ruwa, yana amsawa. In ka ga hotonsa a jirgi, ga rigar ceto mai ruwan lemo, ga madubin hangen nesa a wuya, ga kuma farar hularsa ta saƙa a ka, wadda ko iskar teku ba ta raba shi da ita ba. A duk faɗin saninmu, shi kaɗai ne namu da ke shiga teku.

Ya kasance mutum ne da in ya dawo daga tafiya ba ya kwana sai ya zagaya ya gaida tsofaffi, gida-gida. Ya kasance shi ya tara mu muka kafa kwamitin yashe magudanar ruwa, bayan shekarar da ambaliya ta shiga mana har ƙarƙashin gado, kuma shi ne na farko da ke naɗe wando ya shiga kwatar. Ya kasance duk bayan Sallah yana kwasar samarinmu zuwa bakin teku ya koya musu iyo, tun daga ranar da ruwa ya ci yaron mai gyaran rediyo a yawon Sallah. Ya kasance in ka kawo masa labarin wani, tambayarsa ta farko ita ce, "Ka gani, ko an gaya maka?" Wannan tambaya ta sa da yawa daga cikinmu ba ma jin daɗin hira da shi.

Bari in gaya muku inda ya samo ta.

Akwai wasu tsuntsaye a can tsakiyar teku da ba su da suna a Hausa, don kakanninmu ba su taɓa gamuwa da su ba. Turawa na da sunansu, ya faɗa mini har ya gaji, harshena ya ƙi ɗauka. Shi sai ya raɗa musu wanzaman teku, wai don suna tafiya dab da ruwa, bakin fiffikensu na bin igiyar ruwa yadda aska ke bin kai. Bayansu ruwan toka ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, cikinsu fari, bakinsu rawaya. Ba su da yawan kaɗa fiffike. Su ɗan buga a hankali, sai su saki jiki iska ta tafi da su. To a cikinsu akwai iri biyu da ko uwarsu sai ta duba da kyau. Ɗaya a tsibiran Bahar Rum yake ƙwai, ɗaya a tsibiran Atilantika, amma in suka fito yawo sai su cakuɗe. Bambancin yana ƙarƙashin fiffike, can wajen dogayen gashin ƙarshe da yake kira yatsu. A ɗaya, farin yana zarcewa har cikin yatsun. A ɗayan farin yana tsayawa, yatsun baƙaƙe ne. Ba kuma za ka ga ƙarƙashin fiffike ba sai tsuntsun ya karkata ya juyo maka da cikinsa. Ko ya juyo ɗin, in rana ta yi ƙarfi tana iya wanke baƙin ka ɗauka fari ne.

Wata shekara bayan Babbar Sallah, kara ta yi sanyi, ya matsa mini har na yarda na bi shi cikin jirgin wasu masunta abokansa. Jama'a, kada Allah Ya maimaita. Muna barin gaɓa cikina ya juya. Na amayar da abin da na ci, na amayar da wanda ban ci ba. Na kwanta a kan koma mai ƙarnin kifi ina ta tuba, ina yi wa Allah alkawarin in na taka ƙasa ko wanka da bokiti zan riƙa yi a hankali. Can bayan azahar sai na ji yana girgiza ni.

"Khamisu, tashi ka gani. Ba kasafai suke zuwa ruwanmu ba."

Na ɗaga kai da ƙyar. Ga tsuntsu can nesa yana bin igiyar ruwa, ya ɓace a bayan wannan, ya ɓullo a gaban waccan. Mahbub ya kafa madubi a ido, jirgi na rawa, shi ko gezau. Ya bi shi, ya bi shi, har tsuntsun ya zama ɗigo ya ɓace. Sannan ya sauke madubin yana murmushi.

Na ce, "To wanne ne? Mai farin yatsu ko mai baƙi?"

Ya ce, "Ɗaya daga cikin biyun."

Na ce, "Ɗaya daga cikin me? Na zubar da hanjina a tekun nan tun safe, ka ce mini ɗaya daga cikin biyun?"

Ya ce, "Bai juya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Ni a kara, in sa ya gifta ta bayan tirela, daga tozonsa kawai zan gaya maka garin da aka ɗauko shi da sunan mai shi. Kai da digirinka da madubinka ka kasa gane tsuntsu?"

Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Kai in ka yi kuskure, kafin la'asar mai san zai zo ya riƙe maka riga. Ni in na yi kuskure babu mai zuwa. Tsuntsu ba ya kai ƙara. Ƙugiyoyin manyan jirage suna cin su, Khamisu. In na riƙa rubuta wannan a madadin wancan, iri ɗaya zai ƙare ƙurmus, takarda tana cewa yana nan lafiya. Gara in ce ban sani ba."

Na ce Allah Ya kyauta, na koma na kwanta a kan komata. A lokacin na ɗauka maganar tsuntsu muke yi.

Sale yana nan, ga shi can kusa da turken rumfa, in na yi ƙari ya tsayar da ni. Sale ya zo cirani daga ƙauyensu ta wajen Kazaure, ko sunan tashoshi bai gama riƙewa ba, yana dako a tashar Iyana Ipaja. Wata mata tana sauka daga motar haya ta danfo aka fizge mata jaka. Ta yi ihun ɓarawo, jama'a suka waiga, Sale ne a kusa da shuɗiyar riga. Kafin ya gane me ake ciki an kai shi ƙasa, har wani ya tafi neman taya. Allah Ya kawo Mahbub zai wuce. Ya kutsa cikin taron, kun san Yarbancinsa, in yana yi ba ka ce Bahaushe ba ne. Bai yi wa kowa tsawa ba. Matar ya nufa, ya rusuna.

Ya ce, "Mama, kin ga fuskar wanda ya fizge?"

Ta ce, "Aboki ne, mai shuɗiyar riga." Kun san Aboki suke kiran kowane Bahaushe.

Ya ce, "Mama, ɗaga kanki ki dubi tsallaken titi."

Ta duba. Ga mai shayi da shuɗiyar riga, ga mai gyaran takalmi da shuɗiyar riga, ga mai tura baro da shuɗiyar riga. Ya ce mata, "Wanne daga ciki za mu ƙona?"

Matar nan, Allah Ya saka mata, hannunta ya faɗi. Ta ce, "Bayansa na gani." Aka saki Sale da fasasshen leɓe, ya rayu, ga shi yau da mata da 'ya'ya.

Wa ya kai mu ba da labarin nan? Mun ba da shi a majalisa, mun ba da shi a wurin suna, mun ba da shi ga baƙi. Don mu ne muka fi kowa kuka da cewa a garin nan duk kamarmu ɗaya a idon mutane: in ɗaya ya yi laifi, kowane mai hula ya shiga uku. Mun san zafin abin a jikinmu. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa abin da zan faɗa yanzu ya fi ƙarfin a kira shi kuskure.

Bara Mahbub ya tafi doguwar tafiya ta wajen ruwan Senegal, inda waya ba ta kamawa. Yana can sai ga wani guntun bidiyo ya faɗo zauren WhatsApp na unguwa. Jami'an wata ƙasa sun kama 'yan fashin teku, an gurfanar da su a kan jirgi, duk sun ba kyamara baya. A cikinsu akwai wani dogo siriri mai farar hular saƙa. Wani ya rubuta a ƙasa, "Wannan ba Mahbub ba ne kuwa?" Ba zan faɗi sunan wanda ya rubuta ba, don bai fi waɗanda suka tura laifi ba, waɗanda suka tura kuma ba su fi waɗanda suka gani suka yi shiru ba. Babu wanda zan ware, har da mai wannan magana. Da safe tambaya ce. Kafin magariba ta zama labari.

Ku tuna yadda muka yi lissafin. Muka ce, Bahaushe nawa ne a teku? Ɗaya ne, kuma mun san shi. Ga tsawo, ga hula. Biri ya yi kama da mutum. Wani ya ce, dama wa zai ɗauki mutum aiki don ya zauna yana kallon tsuntsu? Aka ce ƙwarai kuwa, ashe abin da ake yi ke nan. Abin da muka shekara muna tsokanarsa da shi cikin raha, rana ɗaya muka mai da shi hujja. Mu da muke cewa kama da wane ba ta wane, ba wanda ya tuna da ita a ranar.

Asama'u, ke kika fara ɗanɗanawa. Masu kawo miki ɗinki suka riƙa aiko yara su karɓi yadinsu ba a ɗinka ba. Aka yi biki a gidan da ke jikin katangarki, kina jin kiɗa, ba a aiko miki da goro ba. Hajiya, ke kuma mata suka yi ta shigowa suna zama a gabanki suna cewa, "Allah Ya shirya miki shi," kina amsawa da amin don ba ki san me za ki ce ba. Kwamitin magudanar ruwa da ya kafa da hannunsa muka zauna muka cire sunansa, wai don kada a shafa mana.

Sai ga shi ya dawo lafiya lau da jakarsa a kafaɗa. Mai hankali zai ce, wanda aka kama da fashin teku ba ya dawowa haka. Mu sai muka ce, ai ya san hanya, ya ga wanda zai gani. Ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ya kamata ya wanke shi, sai mu juya shi ya ƙara masa datti.

Allah gafarta Liman, kana gaba, ba ka ga abin da ke bayanka ba, amma mu mun gani. Ranar da ya fara zuwa masallaci, ka ce a daidaita sahu, a toshe kafa. Kafaɗar da ke damansa ta ja, ta hagunsa ta ja. Mutum yana tsaye a tsakiyar sahun farko, a masallacin da mahaifinsa ya sa bulo a gininsa, da fili dama da hagu. Sale ne ya ratso daga sahun baya ya tsaya a damansa. Hagunsa haka aka idar da sallar babu kowa.

Bayan la'asar ya same mu a majalisa, wurin bencin mai shayi. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ya ce, "Ku nuna mini." Aka miƙa masa waya. Ya kalla a natse, ya sake kalla, yadda na ga yana kallon tsuntsun nan.

Ya ce, "Lalle akwai kama. Ni ma da aka tambaye ni, zan ce ɗaya daga cikin biyun." Ya ɗan yi murmushi, ba wanda ya taya shi. Sai ya ce, "Waninku ya ga fuskarsa?"

Can wani ya ce, "To hular fa?"

Ya ce, "Hular nan buhu-buhu ake sayar da ita a kasuwar Idumota." Ya ajiye wayar a kan benci. Ya ce, "Ku jira ya juya." Ya sa takalminsa ya tafi, kuma bai sake zama a majalisar nan ba.

Bai rantse mana ba, bai kawo mana shaidu ba. Abokan aikinsa da ke zaune a nan sun so su zo su yi mana bayani, ya hana. Asama'u ta ce ya gaya mata, "Mutanen da suka san ni tun ina rarrafe, in sai an kawo musu baƙo ya gaya musu ko ni wane ne, to a bar shi." Yana da zuciya, wannan kam gaskiya ne, kuma in aibi ne to shi ne aibinsa. Amma wa zai ga laifinsa? Abu ɗaya ya roƙe mu, abin da yake yi wa tsuntsun da bai san shi ba, muka kasa yi masa.

Hawan jini ne ya kayar da shi, in ji likita. Ban ce mu muka kashe shi ba. Ajali na Allah ne, ba ya jiran bidiyon kowa. Amma ya yi watanninsa na ƙarshe yana bin gefen titi zuwa masallaci a unguwar da aka haife shi, kuma wannan ba ajali ne ya sa ba.

Mun sallace shi, don farilla ce. Daga maƙabarta kowa ya kama gabansa, mai kara ya tafi kara, mai shago ya tafi shago. Aka shimfiɗa tabarmin makoki a daidai wurin nan da kuke zaune. Kwana ukun nan, Sale ne da 'yan uwansa 'yan dako, da mutanen Baale, da abokan aikin marigayi kaɗai suka zauna. Tabarmi suka yi ta shan rana. Kuma kun san al'adarmu tun daga gida: gidan mutuwa ba ya hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci. A ranar farko hayaƙi ya tashi daga gidan nan. Laila ce a gaban murhu tana dafa wa masu ta'aziyyar ubanta abinci, da idon da bai bushe ba. Matar Baale ce ta hango hayaƙin ta tsallaken kwata, ta tambaya, "Hausawa sun canza al'ada ne?" Washegari ta aiko da kuloli. Ni duk lokacin da na tuna da hayaƙin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan sadakar bakwai, muna zaune a majalisa, sai ga Laila. Ba wurin zaman mata ba ne, kuma ba ta zauna ba. Ɗalibar jami'a ce, ta san inda ake neman abu. Ta bi sawun guntun bidiyon nan har ta samo cikakkensa. Ashe yana nan a intanet tun shekarun baya, tun kafin tafiyar mahaifinta, daga wata ƙasa dabam. Ba a ɓoye yake ba. Kowane ɗayanmu da ya so zai same shi. Ta ajiye wayar a kan bencin da ubanta ya ajiye waccan, ta danna.

Ga su a gurfane, ga dogon nan mai farar hula. Daidai inda namu ya yanke, wannan ya ci gaba. Wani jami'i ya yi magana, mutumin ya waigo. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabo tun daga kunne har haɓa. Ko a mafarki bai yi kama da Mahbub ba. Ba mu ma san ko ya taɓa jin Hausa ba.

Ta dube ni ta ce, "Baba Khamisu, ga shi ya juya."

Ta ɗauki wayarta ta tafi. Shayin da ke hannunmu a nan ya huce.

Mun je wurin Liman muka ce a sake shimfiɗa tabarmi mu zauna kwana uku. Ya ce makoki ba salla ba ne da za a rama shi. Gaskiya ya faɗa. Mun mai da sunansa cikin kwamiti, amma wanda ke kabari me zai yi da kwamiti? Duk ihu ne bayan hari.

Mahbub ya tafi inda ba ma iya roƙonsa. Saura waɗanda ya bari. Shekaranjiya mai unguwa ya tura ni da dattawa biyu muka tsaya a bakin labulen ɗakin nan. Na yi magana mai tsawo, kun san bakin dillali. Na ce mun yi kuskure, na ce mun ji kunya, na ce Agege gidanta ne, kada ta tafi. Na ce, "Asama'u, kin yafe mana?"

Ta ce, "Yaya Khamisu, na ji maganarka, kuma ta yi kama da ta masu nadama. Amma Baban Laila ya koya mini ba a faɗin sunan tsuntsu daga nesa. Tun bara bayanku nake gani. Da sauran lokaci kafin takaba ta ƙare, ina nan a bakin taga. Ku juya in gani."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ba ta ce za ta zauna ba, ba ta ce za ta tafi ba. Ta ba mu abin da muka hana mijinta, ta ce za ta jira.

To jama'a, ga inda za mu fara. Laila ta ba ni cikakken bidiyon, kuma yanzun nan na sa shi a zauren unguwa. Kowa ya ciro wayarsa. Ina nufin yanzu, ba sai an tashi ba. Duk wanda ka tura wa guntun nan bara, ɗan'uwanka na Kano ne, surukinka na Ajegunle ne, abokin cinikinka na Mile 12 ne, ka tura masa wannan, ka rubuta da sunanka cewa ba Mahbub ba ne, kai ne ka yi kuskure. Wanda bai tura ba amma ya faɗa da baki, ya koma da ƙafarsa ya warware da bakin. Mata, kun san hanyar gidan nan, kun san inda keken ɗinkin yake. Ba yau kaɗai ba, don kowa ya iya juyawa rana ɗaya in an kafa rumfa ana kallo.

Hajiya, ɗanki bai bukaci shiryarwar da muka yi ta roƙa masa a gabanki ba. Shiryayye kika haifa, kuma mun shaida, ko da shaidar ta zo a makare. Laila, ubanki ya bar miki idonsa, ki riƙe shi. Asama'u, ba za mu sake tambayarki ba. Ki duba da kyau, kada rumfar yau da yawan mutanen nan su wanke miki baƙi ki ɗauka fari ne. Abin da kika gani, shi za ki faɗa.

Muna godiya ga mai unguwa da Liman da malamai. Muna godiya ga Baale da mai ɗakinsa, kun riƙe mana al'adarmu a ranar da muka yar da ita. Muna godiya ga abokan aikinsa. Sale, kai ba mu da bakin gode maka.

Ya Allah, Kai ne ba Ka bukatar kowa ya juya kafin Ka san shi. Ka san Mahbub ciki da waje tun muna kallon bayan wani muna kiran sunansa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa shi a sahun da babu mai janye masa kafaɗa. Ka ba Hajiya da Asama'u da Laila haƙuri, Ka zaɓa musu abin da ya fi alheri, ko a nan ne ko a Zariya. Mu kuma Ka shirye mu, Ka koya wa harsunanmu faɗin "ban sani ba" kafin mu iske shi a can.

A ɗaga hannu a yi masa Fatiha. Wanda bai gama turawa ba ya gama tukuna, za mu jira shi.